Rijiya Mai Baki Ɗaya: Daga Hartley Zuwa Vaal Reefs

A gaɓar tekun arewa maso gabashin Ingila, a zamanin da ake haƙar kwal, ruwa ne babban abokin gabar mai haƙarsa. Kwal ɗin yana kwance a ƙarƙashin ƙasa shimfiɗa bisa shimfiɗa, wata har ta miƙe ƙarƙashin teku, kuma duk inda aka fasa dutse sai ruwa ya biyo sawu. Ruwan ne ya kori mutane daga tsohuwar mahaƙar Hartley da ke yankin Northumberland a 1844. Amma kwal ɗin wurin mai kyau ne, ba a iya haƙura da shi ba, sai aka ja da baya kamar mil guda daga bakin teku aka haƙa sabuwar rijiya, aka sa mata suna Hester. A watan Mayun 1846 aka cim ma shimfiɗar kwal ta can ƙasa. Gidajen leburori suka taso a gefenta, ƙauye ya kafu, aka kira shi New Hartley. Kusan kowane namiji a ƙauyen, daga yaro ɗan shekara goma har tsoho mai furfura, a wannan rami yake neman abinci.

Rijiyar guda ɗaya ce tak. Faɗinta ƙafa 12, zurfinta kimanin ƙafa 600, kuma ta nan komai yake bi: mutane su sauka su hau, kwal ya fito, a zuƙo ruwa, iska ta shiga ta fita. Don a samu hanyar iska biyu a rami ɗaya, sai aka raba rijiyar gida biyu daga sama har ƙasa da bangon katako mai kaurin inci uku. A can ciki aka hura wutar tanderu wadda ba a barinta ta mutu. Iska mai zafi ta hau ta ɓangare ɗaya, ta jawo mai sanyi ta sauko ta ɗaya ɓangaren. Numfashin duk wanda ke ƙasa a kan wannan katako ya dogara.

Ba rashin sani ya sa aka yi haka ba. Bayan fashewar da ta kashe mutum fiye da hamsin a mahaƙar St Hilda a 1839, wani kwamiti na mutanen garin South Shields ya yi shekaru yana bincike, kuma cikin shawarwarin da ya fitar a farkon shekarun 1840 har da cewa kowace mahaƙa ta kasance da rijiya biyu, a daina raba guda da katako. Tsakanin South Shields da Hartley ba wata tazara ba ce. Amma haƙa rijiya ta biyu cikin dutse mai tsattsafo da ruwa kuɗi ne masu yawa, babu kuma dokar da ta tilasta, don haka masu mahaƙai da dama suka ji suka yi kunnen uwar shegu.

A 1852 ruwa ya sake ɓallowa daga tsofaffin ramuka ya mamaye sabuwar mahaƙar. Maganin da aka samo shi ne wani ƙaton injin tururi da babu kamarsa a mahaƙan yankin. Wanda ya san jigon ban ruwa a lambu ya san yadda yake aiki: doguwar sanda a gicciye, tsakiyarta a kan madogara, kai ɗaya ya sauka ɗaya ya tashi. Sai dai wannan jigon na ƙarfen zubi ne, nauyinsa ya haura tan 40. Tururi yana jan kai ɗaya a cikin ɗakin inji, ɗaya kan kuwa ya leƙo waje ya tsaya daidai bisa bakin rijiya, sandunan famfo suna rataye a jikinsa har ƙasa. Dare da rana yana sunkuyawa yana ɗagowa. An ɗauki abu mafi nauyi a duk mahaƙar, an rataye shi bisa ƙofa ɗaya tilo da mutum ɗari biyu suke da ita.

Shimfiɗun kwal uku ne a wurin. Ta sama an riga an cinye ta an rufe. Ana aiki a ta tsakiya da ta ƙasa. Saboda tsoron ambaliya, an haƙa wani ɗan rami aka sa masa tsani tsakanin ta ƙasa da ta tsakiya, don in ruwa ya taso mutane su haura. Daga ta sama kuma akwai wani ƙaramin rami na famfo da ya fita har sarari. Tsakanin ta tsakiya da ta sama ne kaɗai babu wata hanya sai babbar rijiya. Mai karatu ya riƙe wannan giɓi, domin a cikinsa ne rayukan suka salwanta.

Ranar Alhamis 16 ga Janairun 1862, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, lokacin canjin aiki ne. Al'adar wurin ita ce masu karɓa su sauka su tarar da masu tashi a bakin aikinsu, saboda haka rukuni biyu duk suna ƙasa a lokaci guda. Mutum takwas na cikin keji ana jawo su sama, sai jigon ya karye a tsakiya. Rabin da ke bisa rijiya, tan ashirin da wani abu, ya zurma ciki. Yana sauka yana kwashe bangon katako, yana yage katakan da suka tallafi gefen rijiyar, duwatsu da ƙasa suna biye da shi. Tarkacen ya wuce shimfiɗar sama ya je ya cushe bisa ta tsakiya, ya toshe rijiyar tsawon kamar yadi talatin.

Kejin ya karkace, mutum huɗu suka zube daga ciki, sauran suka maƙale. Ɗaya daga cikin waɗanda suka maƙale, Thomas Watson, ya jiyo nishin 'yan'uwansa a ƙasa, sai ya sulale cikin duhu ya sauka inda suke a kan tarkace, ya zauna da su yana yi musu addu'a har rai ya yi halinsa. Cikin mutum takwas na keji, uku aka ceto.

Sauran mutum 199 suna ƙasa, kuma ƙarfen bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Da famfo ya tsaya suka san ruwa zai taso, sai suka bi tsanin nan suka haura shimfiɗar tsakiya, suka taru kusa da rijiya. Mutane ne da suka san aikin rami, da kayan aikinsu a hannu, kuma daga baya an ga alamar sun yi ƙoƙarin fasa toshiyar daga ƙasa. A sama kuwa, gwanin haƙar rijiyoyi na yankin, William Coulson, ya iso da mutanensa ya karɓi aikin ceto. Wurin ya yi ƙunci, mutum biyu kaɗai ke iya aiki a lokaci ɗaya, a rataye da igiya, ruwan sanyi na zubo musu a ka, gefen rijiyar da ya rasa katakonsa yana ruftowa. Sai sun tsaya sun tallafe bango kafin su ci gaba da kwasar tarkace. A kwanakin farko suna jin bugun ƙarfe daga ƙasa, alamar akwai masu rai. Daga baya aka daina ji.

Wutar tanderun nan ce ta zama ajalinsu. Da bangon katako ya rushe, iska ta daina zagayawa, wutar kuma ba ta mutu ba, ta ci gaba da cin kwal da katako a hankali a wurin da babu isasshiyar iska. Irin wannan wuta tana fitar da guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai gubar da ke cikin hayaƙin janareto idan aka kunna shi a rufaffen ɗaki. Mutum ya ji kansa ya yi nauyi, gaɓoɓinsa su mutu, barci ya ɗauke shi. Ranar Talata, da masu ceto suka fara huda toshiyar, gubar ta taso ta buge su, aka fitar da wasu a sume. Dole aka dakata aka rataya bangon yadi a rijiyar don iska ta sake zagayawa.

Sai ranar Laraba 22 ga wata aka samu shiga. Aka tarar da su kwance jere da juna kusa da rijiya, yara sun jingina da iyayensu, wa ya rungume ƙane. A aljihun wasu akwai hatsin da suka ɗebo daga abincin dawakan da ke jan kwal. A jikin heluma James Amour aka samu ɗan littafin da yake rubuta lissafin aiki, ya rubuta a ciki cewa ranar Juma'a da rana sun taru sun yi addu'a, ya ambaci waɗanda suka yi wa jama'a nasiha da waɗanda jikinsu ya riga ya yi tsanani. Jimillar mamatan 204. Ƙaraminsu shekararsa 10, babbansu 71. Zuriyar Liddle kaɗai ta rasa mutum tara.

Sarauniya Biktoriya, wadda mijinta ya rasu wata guda kafin nan, ta aiko da saƙo tana tambayar halin da ake ciki, daga baya ta aiko da ta'aziyya ga matan da suka shiga takaba irin tata. Ranar Lahadi 26 ga Janairu aka yi jana'iza a maƙabartar cocin Earsdon, wadda ba ta isa ba sai da aka ƙara fili. Tafiyar kusan mil huɗu ce, kuma akwatin farko ya isa maƙabarta na ƙarshe bai bar ƙauye ba. Mutanen ƙasar suka tara wa marayu da zawarawa gudummawa fiye da fam 80,000. Ba a sake buɗe rijiyar Hester ba.

A farkon Fabrairu aka zauna binciken musabbabin mutuwar, injiniyoyi suka yi ta kai kawo a kan abin da ya karya jigon. Da aka duba inda ya karye an ga koguna a cikin ƙarfen, waɗanda suka samu tun ranar da aka zuba shi yana narke, kuma babu mai iya ganinsu daga waje. An kawo zancen cewa ba da daɗewa ba, wajen wani gyara, jak ya saki, jigon ya faɗo 'yan incina ya bugu. An kuma nuna cewa sandar famfo ta tsinke a cikin rijiya, nauyin da ke jan kan jigon ya ɓace farat ɗaya, tururi ya fizge ɗaya kan da ƙarfinsa duka. Ƙarfen zubi yana jure danniya, amma ba ya jure ja ko bugu. Ba ya lanƙwashewa ya ba da sanarwa kamar ƙarfen ƙira, tsinkewa yake yi kawai. Masu yanke hukunci suka ce mutuwar hatsari ce, ba su ɗora wa kowa laifi ba, amma suka haɗa da shawara biyu: kowace mahaƙa ta samu rijiya ta biyu, kuma a riƙa yin jigo da ƙarfen ƙira.

A ganina hukuncin ya yi wa masu mahaƙar sassauci fiye da kima. Lissafin a fili yake. Karyewar jigo ta kashe mutum biyar. Rashin ƙofa ta biyu ya kashe 199. Kogon da ke cikin ƙarfe babu wanda ya gan shi, to, wannan a iya kiransa tsautsayi. Rijiya ɗaya kuwa kowa yana ganinta kullum safiya, an yi gargaɗi a kanta shekara ashirin kafin nan, kuma ɗan ramin da zai haɗa shimfiɗar tsakiya da ta sama bai kai kuɗin sabuwar rijiya ba ko kusa. A wajenmu in irin wannan ya faru mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, babu mai wuce ranarsa, amma yarda da ƙaddara bai taɓa wanke mai sakaci ba, musamman wanda ya san haɗarin ya auna shi da kuɗi ya ga kuɗin sun fi.

Majalisar dokokin Birtaniya ba ta jira ba a wannan karon. Ranar 7 ga Agustan 1862, ƙasa da wata bakwai da faruwar abin, aka zartar da dokar da ta wajabta wa kowace sabuwar mahaƙar kwal hanyar fita biyu, aka bai wa tsofaffi wa'adi zuwa farkon 1865. Shawarar da ta shafi ƙarfe ba ta zama doka ba, ko da yake masu ƙera injina sun fara komawa ga ƙarfen ƙira, wasu tsofaffin jiguna kuma aka ɗaure su da ƙarin sanduna.

An gyara maganar ƙofa. Maganar rataya rayuka a kan ƙarfe guda ta daɗe ba a gyara ba.

A Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, a da akwai mahaƙar kuza da tagulla mai suna Levant, wadda ramukanta suka shige ƙarƙashin teku. Tun 1857 ma'aikatanta suke hawa da sauka da wani inji mai doguwar sandar katako da ke motsi sama da ƙasa, ƙafa 12 kowane motsi. Mutum ya taka matakin da ke jikin sandar ta ɗaga shi, ya sauka a dandamalin gefe, ya jira ta dawo ya taka na gaba. Ya sauƙaƙa wa mutane hawan tsani mai tsawon ɗaruruwan ƙafa bayan sun gama aikin yini, amma sandar duka, da duk wanda ke kanta, a maɗaurin ƙarfe ɗaya take rataye. Ranar 20 ga Oktoban 1919, mutum fiye da ɗari na kanta, maɗaurin ya tsinke. Mutum 31 suka mutu. Injin yana da shekara 62 a lokacin, sauran mahaƙan yankin duk sun riga sun daina amfani da irinsa.

Abin da ya faru a Markham ya fi ba ni tsoro, domin a nan ba a iya fakewa da tsufan zamani. Mahaƙar kwal ce a Derbyshire, a lokacin mallakar hukumar kwal ta gwamnati, tana da injiniyoyi da sufetoci da littattafan duba inji da ake sa wa hannu. Safiyar Litinin 30 ga Yulin 1973, keji mai hawa biyu yana sauka da mutum 29 a rijiya mai zurfin kimanin ƙafa 1,400. Da ya kusa ƙasa, mai tuƙa injin jan keji ya fara rage gudu, sai ya ji ƙara daga wajen birki. Ya ja birki, babu komai a hannunsa. Ya danna maɓallin tsayawar gaggawa, kamar yadda aka koya masa.

Injin yana da hanya biyu ta rage gudu. Motar lantarkin da ke juya shi tana iya riƙe shi, sannan akwai birkin ƙarfe da tarin sifirin ke matsewa. Ƙarfin sifirin ɗin gaba ɗaya ta cikin sanda guda mai kaurin inci biyu yake bi ya isa ga birki, kuma wannan sandar ce ta karye. Maɓallin gaggawa kuwa aikinsa shi ne ya yanke lantarki ya bar birkin ƙarfe ya kama. Da aka danna shi, sai ya ɗauke abu ɗaya da ya rage yana riƙe da kejin, ya miƙa shi ga birkin da babu shi. Kejin ya daki ƙasa da gudun kusan mil 27 a awa, ɗaya kejin da ke hawa babu kowa a ciki ya fasa rufin gini a sama. Mutum 18 suka mutu, sauran 11 suka ji munanan raunuka.

Binciken da babban sufeton mahaƙai J. W. Calder ya jagoranta ya gano cewa sandar ta yi shekara 21 a wurin. An tsara ta ne don a ja ta a miƙe, amma mahaɗin da ya kamata ya juya ya ba ta sarari ya ƙi juyawa yadda ya kamata, don haka duk sanda aka kama birki aka saki sai ta ɗan lanƙwashe. Lanƙwasar ba ta kai ido ya gani ba, amma ana yinta kullum, shekara da shekaru, har tsaga ta fara a jikin zaren sandar tana ci a hankali. Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. A lokacin akwai na'urorin da ke gano irin wannan tsaga ba tare da an lalata ƙarfen ba, kuma irin wannan sanda ta taɓa karyewa a mahaƙar Ollerton a 1961. Duk da haka ta Markham dubawar ido ake yi mata. Duk na'urorin kariya da aka jera a kan injin, mai hana wuce gudu da mai hana wuce iyaka da maɓallin gaggawa, a kan sandar nan guda suke ƙarewa. Bayan wannan ne aka bi injinan jan keji na ƙasar ɗaya bayan ɗaya, ana neman duk wani ƙarfe da in ya karye babu na bayansa, a sauya tsarin ko a riƙa gwada shi da na'ura a kan lokaci. An yi shekara 111 tsakanin Hartley da wannan aiki.

Mafi muni a tarihin keji a nahiyarmu ya faru. Mahaƙan zinariya na Afirka ta Kudu sun fi na ko'ina zurfi a duniya, kuma an gina su ne a kan ƙwadagon baƙar fata da ake kwasowa daga ƙauyukan ƙasar da Lesoto da Mozambik da sauran maƙwabta, a ajiye su a barikin maza zalla, a biya su abin da bai taka kara ya karya ba. Ran lebura ba shi da tsada a lissafin wancan zamani. A 1986, a mahaƙar Kinross, wuta daga tukunyar gas ɗin walda ta kama soson robar da aka fesa a bangon rami, hayaƙinsa ya kashe mutum 177. Da mulkin wariyar launin fata ya zo ƙarshe, aka kafa hukumar bincike a ƙarƙashin mai shari'a Ramon Leon, ta zauna a 1994, ta kuma bayyana cewa daga 1900 zuwa 1993 ma'aikatan mahaƙai fiye da 69,000 ne suka mutu a bakin aiki, fiye da miliyan guda suka ji rauni. Rahoton bai daɗe da fita ba sai ga hatsarin mahaƙar Vaal Reefs.

Mahaƙar tana kusa da garin Orkney, a lokacin tana cikin rukunin kamfanin Anglo American. Rijiyarta ta biyu ta haura mita 2,000 a zurfi, kuma a kowane hawa akwai layin dogo da ƙananan kawunan jirgi masu batir ke jan taragun dutse a kai, layin yana zuwa har kusa da bakin rijiya. Daren 10 ga Mayun 1995, a hawa na 56, kimanin mita 1,700 a ƙarƙashin ƙasa, wani kan jirgi mai nauyin tan 12 ya ƙwace. Direban ya yi tsalle ya tsira. Kan jirgin ya wuce shingayen da aka tanada don tare irinsa, ya faɗa rijiya. A ƙasa da shi akwai keji mai hawa biyu cike da ma'aikata.

A saman kowane irin wannan keji akwai ƙugiya ta musamman da ke haɗa shi da igiyar ƙarfe. An ƙera ta ne don ceton rai: in inji ya zarce da keji sama zai kai shi ga ƙafar da igiya ke bi, ƙugiyar takan bugi wani faranti ta buɗe, ta saki igiya, ta rataye kejin a nan. Waɗanda suka ƙera ta sun yi tunanin keji yana hawa ya bugi abu. Ba su yi tunanin abu ya faɗo ya bugi keji ba. Da kan jirgin ya dake ta, sai ta yi abin da aka ƙera ta ta yi, ta buɗe. Kejin ya faɗi kimanin mita 460 zuwa gindin rijiya, ya markaɗe. Mutum 104 ne a ciki, babu wanda ya fita. Masu aikin ceto sun yi kwanaki suna fito da gawarwakin da ba a iya gane su da ido. Shugaba Nelson Mandela ya ayyana ranar makoki ta ƙasa, aka kai gawarwaki da yawa ƙetaren iyaka, ƙauyukan da suka fito.

Mai shari'a Leon ne ya sake jagorantar binciken. Aka gano cewa an tsallake na'urar kariya ta lantarki a jikin kan jirgin, wato an haɗa waya ta bayanta don inji ya ci gaba da aiki maimakon a tsayar da shi a gyara, kuma shingayen bakin rijiya ba su tare shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a gareji ko masana'anta ya san wannan ɗabi'a: na'ura tana yanke wuta tana hana aiki, ana neman a cika adadin yini, sai a ce a haɗa ta kai tsaye tukuna, gobe a gyara. Binciken ya ba da shawarar a gurfanar da kamfanin kansa da wasu daga ma'aikatansa bisa laifin kisa ta hanyar sakaci. Wannan ya yi nisa da hukuncin Hartley, inda aka ce hatsari ne aka tashi. A 1996 ƙasar ta yi sabuwar dokar lafiya da kariya a mahaƙai, wadda ta bai wa ma'aikata wakilai a harkar kariya, ta kuma ba lebura haƙƙin ya bar wurin aiki in ya ga haɗari, ba tare da jiran izinin heluma ba. A wata ƙasa wannan ƙaramin abu ne. A ƙasar da baƙin lebura ya yi shekara ɗari ba shi da bakin cewa a'a, babban abu ne.

Mako shida bayan Vaal Reefs, a watan Yunin 1995, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 176 a kan kariya da lafiya a mahaƙai. Cikin abin da ta ɗora wa mai mahaƙa har da tanadar hanyar fita biyu daga kowane wurin aiki na ƙarƙashin ƙasa, matuƙar hakan zai yiwu, kowace da hanyarta daban zuwa sarari. Shawarar mutanen South Shields ce ta shekarun 1840, ta ɗauki shekara ɗari da hamsin kafin ta zama ƙa'idar duniya.

Ramukan zinariya da matasanmu ke shiga a Zamfara da Neja da yankin Maraɗi ba su da jigon tan arba'in ko keji mai hawa biyu, amma da yawansu baki ɗaya gare su da igiya ɗaya, kuma in ruwa ya taru akan sauke injin famfo mai fetur a kunna shi a ciki. Hayaƙinsa shi ne gubar da ta kashe mutanen Hartley. Masu ramuka da shugabannin 'yan haƙa da hukumomin da ke ba da izini, ku bar injin fetur a sama ku zura tiyo kawai, ku duba igiya kafin a ɗaura mata mutum, kuma kada ku bar ɗan kowa ya yi nisa a ramin da ba a fasa masa baki na biyu ba.